Karayar ƙaramin ƙashin wuyan hannu: yadda ta kaya da wani kafinta a Jos

## Waye shi, kuma wane ƙashi ne

Mutumin kafinta ne, shekararsa 28 lokacin da abun ya faru, yana zaune a Anguwan Rogo, shagon da yake aiki kuma yana wajen Katako. Matarsa ɗaya da 'yar yarinya ɗaya. Da hannun dama yake komai, guduma ne, zarto ne, goge katako ne. Ba shi da suga, ba hawan jini, ba sikila. Yana dai shan sigari, shi da bakinsa yace kara takwas zuwa goma a rana tun yana ɗan shekara ashirin. Ni aikin gashin ƙashi nake yi, kuma sai can wajen ƙarshe ya shigo hannuna, abun da ya faru kafin nan daga bakinsa na ji da bakin yayansa da kuma takardun asibiti da yake yawo da su a leda. Ya yarda a rubuta, sharaɗinsa kawai kar a saka suna.

Ƙashin da ya karye likitoci suna ce masa sikafoyid. Wuyan hannu ba ƙashi ɗaya ba ne, ƙananan ƙasusuwa ne guda 8 a jere layi biyu, shi wannan yana gindin babban yatsa, girmansa da lanƙwasarsa kamar ƙwallon kashu, kuma shi ne ya ratsa ya haɗa layin gaba da na baya, shi yasa duk motsin da wuyan hannu zai yi sai ya taɓa shi. In ka ɗaga babban yatsanka za ka ga wani ɗan rami ya lotsa a gefen wuyan hannun tsakanin jijiyoyi, toh a ƙarƙashin ramin nan yake. A cikin takwas ɗin nan shi ya fi karyewa, fiye da rabin karayar da ake samu a wajen tasa ce, kuma yawanci samari ne.

Ba ta ko'ina jini yake shigarsa ba. Mafi yawan jikinsa guringuntsi ne ya lulluɓe, jijiyar jini ba ta da wajen shiga sai ta ɓangaren da ke kusa da yatsa, daga nan take komawa baya ta cikin ƙashin ta ciyar da ɓarin da ke kallon gwiwar hannu. In ya karye a tsakiya, wancan ɓarin na baya jininsa yana raguwa, wani lokaci ma ya yanke gaba ɗaya.

## Disamba 2023: faɗuwa, kemis, hoton farko

Ranar Lahadi 3 ga Disamba da yamma suna buga ƙwallo a filin unguwa, aka taɗe shi ya tafi da baya ya tokare da tafin hannun dama. Duk wanda ya san Jos a Disamba ya san yadda ƙasa take bushewa ta yi tauri. Yace ya ji zafi ya ratsa shi har kafaɗa amma ya tashi ya yarfe hannun ya ci gaba da wasa har aka tashi. Da dare wajen ya ɗan tasa, ba wani kumburin kirki ba, yatsu duk suna motsi, hannun bai karkace ba.

Washegari ya biya kemis aka ba shi diklofenak, ƙwayar rage ciwo, da man zafi da bandeji. Ya je shago amma ya kasa riƙe guduma da kyau, in ya buga kusa sai ya ji kamar an soke shi a gindin babban yatsa.

Ranar Laraba 6 ga wata yayansa ya matsa masa suka je wani ƙaramin asibitin kuɗi aka ɗauki hoton ƙashi. Hoto biyu aka ɗauka, na gaba da na gefe. Na ga hoton da idona daga baya, gaskiya ba a ganin layin karaya a ciki. Aka ce masa targaɗe ne, ya huta, ya ci gaba da maganin. A jikin takardar an rubuta a sake hoto bayan sati biyu in ciwon bai tafi ba, shi kuma yace abun da ya shiga kunnensa kawai shi ne "ba karaya", ya ce Alhamdulillah ya ninke takardar ya sa a aljihu. Ba a ɗaure hannun da komai mai tauri ba.

Haka wannan karayar take, a kwanakin farko sau da yawa ba ta fitowa a hoto, layin siriri ne ƙashin kuma a karkace yake kwance. Sai bayan kwana 10 zuwa 14, lokacin da bakin karayar ya ɗan zaizaye, take bayyana. Ƙa'idar da ake bi ita ce in an danna ramin nan mutum ya zabura, a ɗaure shi tamkar mai karaya ko da hoto bai nuna komai ba, sannan a sake ɗauka, ko a yi sikanin MRI, hoton da yake iya ganin karayar da hoton ƙashi bai nuna ba, in da hali.

## Tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu: wajen mai ɗori

Kwana goma ciwon yana nan. Mahaifiyarsa tace a kai shi wajen wani dattijo mai ɗori da danginsu suka daɗe suna zuwa, shi ya ɗora ƙafar kawunsu shekarun baya ta kuma warke sumul, dan haka babu wanda ya yi musu.

Baban ya lalluba hannun yace "yaro, wannan gocewa ce, ƙashi ya hau kan ɗan'uwansa." Aka riƙe shi ta gwiwar hannu, Baban ya kama babban yatsan da tafin ya ja da ƙarfi ya murɗa, yace sai da ya ga duhu. Aka shafa magani aka jera karare aka naɗe da tsumma. Kararen sun tsaya ne a daidai wuyan hannun, ba su hau tafi sosai ba, ma'ana hannun yana iya lanƙwashewa a cikin ɗaurin. Duk bayan kwana uku yana komawa a kwance a murza a sake ɗaurewa. Sati biyu da 'yan kwanaki aka yi ana haka.

Ciwon ya ragu, wannan shi da kansa ya faɗa kuma ban ga dalilin ƙaryata shi ba. Kumburin ya saɓe. Aka kwance ɗori a satin farko na Janairu 2024 aka ce ya warke.

Ga kuma lokacin da abun ya faɗo. Ƙarshen shekara lokacin biki ne, iyayen amare sun ba da aikin gado da kujeru da sif an karɓi kuɗin mutane, maigidan shagon yana cewa "kai dai daure mu fitar da kayan nan." Tun kafin a kwance ɗorin ma yana zuwa yana riƙe katako da hagu yana ɗan taɓa sanfefa da dama.

## Janairu zuwa Afrilu 2024: aiki a kan karaya

Wata uku ya yi yana aiki. Ciwon ba na hana barci ba ne, shi ya sa ya iya zama da shi. Abubuwa uku ne suke tayar masa da shi: tura katako da tafin hannu, murɗa sukuru, da kuma dafa ƙasa. Diklofenak ya zama kusan kullum, har ya fara jin ƙwannafi da zafin ciki.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. A tarawihi ne ya gane abun ba ƙarami ba ne, dan in zai tashi daga sujada ba ya iya shimfiɗa tafin dama ya dogara a kai, sai dai ya dunƙule hannun ya dafa da gaɓoɓin yatsu. Ga shi da rana ba damar shan magani, ciwon da ƙwayar take rufewa ya fito fili. Wani abokinsa ma'aikacin jinya da suke sahu ɗaya ya lura, bayan sallah ya kama hannun ya danna ramin gindin yatsan, mutumin ya fizge hannu. Yace masa "abokina wannan ba targaɗen wata uku ba ne, bayan Sallah ka je ka ga likitan ƙashi, likitan ƙashi fa nace, ba kemis ba."

## Afrilu 2024: an gano karayar

An yi Sallah ranar 10 ga Afrilu. Ranar 23 ga wata ya samu ganin likitan ƙashi a wani babban asibiti a nan Jos, sati 20 kenan da faɗuwa. A wannan karon hoto huɗu aka ɗauka, har da wanda ake karkatar da hannun wajen ƙaramin yatsa dan ƙashin ya miƙe a gan shi da tsawonsa. Karayar ta fito ɓaro-ɓaro a tsakiyar ƙashin, wajen da likitoci suke kira ƙugunsa, kuma nan ne ya fi karyewa dama. Bakin karayar ya zaizaye ya yi ɗan kogo, gefe-gefen sun fara yin fari, alamar ƙashin ya fara haƙura da haɗewa yana rufe kowane ɓari daban.

Aka tura shi sikanin CT, hoton da yake nuna cikin ƙashi dalla-dalla. Sakamakon ya nuna giɓi wajen milimita 3 tsakanin ɓarin biyu, kuma ɓarin gaba ya ɗan duƙa. Gaɓar kanta ba ta fara cinyewa ba tukuna.

Likitan ya ce tiyata ce ta dace: a buɗe, a kankare bakin karayar, a ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugun shi kafintan a cike giɓin, a ɗaure da sukuru. Ya yi masa bayanin cewa da a satin farko ne, karaya irin wannan da ba ta goce ba ɗaurin siminti na asibiti kaɗai yana haɗa kusan tara cikin goma, cikin sati 8 zuwa 12, amma wadda ta kwana wata biyar ta yi giɓi ba a sa ran siminti zai iya mata. Ya kuma tambaye shi sigari, da ya ji adadin yace "Malam, ni ba zan taɓa hannun nan ba sai ka ajiye ta."

A gida aka ƙi. Hajiyarsu tace ba za a yanka mata ɗa a wuri biyu a kan hannun da yake cin tuwo da shi lafiya ba. Wani kawu yace ƙarfe a jiki in sanyin Jos ya sauko mutum ba ya barci. Wani yace a tafi asibitin ƙashi na Dala a Kano a ji ta bakin wasu, aka lissafa kuɗin mota da masauki aka bar maganar. Kuɗin aikin ma kansa ba su da shi a hannu. Yayan ya koma wajen likitan yace "Likita, a taimaka a gwada simintin nan tukuna, in bai yi ba mun yarda." Likitan ya yarda, amma ya rubuta a fayil cewa ya faɗa musu damar haɗewar kaɗan ce.

## 30 ga Afrilu zuwa 25 ga Yuni: siminti na sati 8

An sa simintin daga ƙasan gwiwar hannu zuwa tafi, ya zagaye gindin babban yatsa. An hana shi diklofenak aka mayar da shi kan farasitamol.

Abun da ya faru a cikin sati takwas ɗin, kamar yadda ya faɗa min ba tare da ɓoye-ɓoye ba: sigari ya rage zuwa kara huɗu ko biyar amma bai daina ba, zaman banza ma yace ƙara masa sha'awarta yake. Damina ta sauka, sau biyu ruwa ya dake shi a hanya simintin ya jiƙe. Wajen alwala liman ya faɗa masa shafa kawai zai yi a kan ɗaurin, amma shi da jiƙaƙƙen hannu sosai yake shafawa sau biyar a rana, wajen tafin ya yi laushi ya fara marmashewa. Da Babbar Sallah ta matso, ranar 16 ga Yuni aka yi ta, ga kuɗin cefane babu, sai ya sa zarto ya rage bakin simintin ta wajen yatsan dan ya iya riƙe burushin fenti da sanfefa.

Ranar 25 ga Yuni aka cire aka ɗauki hoto. Layin karayar yana nan yadda yake, kogon ma ya ɗan ƙara faɗi. Hannun ya rame ya sandare.

## Yuli zuwa Agusta: shawara da tiyata

Wannan karon likitan ya ce a zo masa da Hajiya. Ya ɗora hoton Afrilu da na Yuni gefe da gefe ya nuna mata, yace "Hajiya, yau yana cin tuwo da shi, amma in aka bar ƙashin nan a rabe ɓarin biyun za su yi ta gogar gaɓar, cikin shekaru guringuntsin ya cinye, a lokacin aikin da za a yi ba na haɗa ƙashi ba ne, na cire wani a daskarar da wani ne, kuma motsin da ya tafi ba ya dawowa." Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko ƙarfen zai fito waje. Aka nuna mata irinsa, ɗan sukuru ne da bai kai rabin tsawon ɗan yatsa ba, tace toh Allah Ya sa a dace.

Kuɗi: matarsa ta ɗauki kwasar adashinta, yayan ya sayar da babur ɗinsa, maigidan shago ya ba da rance a kan za a dinga cira a aiki.

Sigari ya ajiye ta a satin farko na Yuli. Yace satin farko ya fi komai wuya, goro da cingam ya dinga ci, ya kuma daina zama a majalisar da ake sha. An ba shi sati shida kafin a shiga da shi. Dalilin da likitocin ƙashi suke nacewa a kan wannan ba wa'azi ba ne, nikotin yana matse ƙananan jijiyoyin jini, hayaƙin kuma yana rage iskar da jini yake ɗauka, ƙashin da dama can jininsa ta hanya ɗaya yake zuwa shi zai fi jin jiki.

An yi aikin ranar Talata 20 ga Agusta 2024, wata takwas da rabi da faɗuwa. Ta ɓangaren tafi aka shiga. Bisa rahoton tiyatar, an kankare tsokar tabo da ta cika giɓin har aka kai ga lafiyayyen ƙashi, kuma ɓarin baya ya nuna ɗigon jini, ma'ana yana raye. Wannan ya sauƙaƙa abubuwa, dan da ya mutu sai an nemo ƙashi mai haɗe da jijiyar jininsa, aiki ne da ya fi wannan wuya. Aka yanko ɗan ƙashi daga ƙugun ya cike giɓin ya kuma ɗago ɓarin da ya duƙa, sannan aka zura sukuru marar kai ta tsawon ƙashin.

Irin wannan sukurun wani likita ne mai suna Timothy Herbert ya fito da shi a Sidni ta Ostareliya, aka wallafa sakamakonsa a 1984. Dabarar ita ce zaren gabansa da na bayansa tazararsu ba ɗaya ba ce, dan haka yana shiga yana jawo ɓarin biyu suna matse juna, kuma da yake ba shi da kai yana nutsewa cikin ƙashin gaba ɗaya ba ya gogar gaɓa. Kwana biyu ya yi a gadon asibiti.

## Satumba zuwa Nuwamba 2024: jira

An cire zare ranar 3 ga Satumba, ciwon ya bushe ba ruwa ba ƙwayar cuta. Abun da ya fi damunsa a satin farko ma ƙugun ne ba hannun ba, sai da ya yi wajen sati uku yana ɗingishi. An sake sa siminti har 15 ga Oktoba. Wannan karon leda yake ɗaurawa in zai fita, shafar alwala da ɗan danshi kawai, shago kuma yayan ya hana shi zuwa kwata-kwata, dan an san in ya je sai ya taɓa wani abu. Sigari ko kara ɗaya.

Da aka cire simintin aka ba shi abun ɗaure hannu na roba mai cirewa. Hoton ranar ya yi kyau amma likitan yace hoto kaɗai yana yaudara a kan wannan ƙashin, ba za a ɗora masa nauyi ba sai CT ya tabbatar. An yi CT ranar 12 ga Nuwamba, sati 12 da aiki, ya nuna sabon ƙashi ya haɗe fiye da rabin faɗin karayar. Daga nan aka ba da izinin fara ƙarfafa hannun.

## Oktoba 2024 zuwa Maris 2025: gashi

A tsakiyar Oktoba ya fara zuwa wajenmu. Awon ranar farko: lanƙwasa hannun baya digiri 25, gaba digiri 30. Na hagu mai lafiya 70 da 75. Ƙarfin damƙa ba mu auna ba sai bayan CT, ya ba da kilo 14 a dama, kilo 44 a hagu.

Watan farko motsi ne kawai ba nauyi. Ya tsoma hannun a ruwan ɗumi minti goma, sannan ya motsa shi da kansa gaba da baya da gefe, ba wanda zai danna masa. Babban yatsa ya taɓa kan kowane yatsa ɗaya bayan ɗaya. Tabon kuma ya dinga murza shi da man kaɗanya dan kar fatar ta manne da abun da ke ƙasa. Na sa shi yin motsin buga guduma a hankali ba tare da guduma a hannu ba, dan wannan karkataccen motsin wuyan hannu ya fi yi a aikin yau da kullum, ga shi kuma bai cika takura ƙashin da aka gyara ba. Mutane suna jin "gashi" sai su zaci wata na'ura ce za ta gasa wajen ta warkar, shi ma ranar farko ya tambayi ina injin yake. Mafi yawan aikin a gida ake yinsa, sau huɗu ko biyar a rana, mu namu aunawa ne da gyara kuskure da faɗin yaushe za a ƙara.

Bayan CT aka shiga nauyi: matsa soso, sannan ƙwallon roba, ɗaga robar ruwa rabin lita, sannan lita ɗaya, sannan kilo biyu. Dafawa kuma aka fara da bango yana tsaye, daga baya tebur, ƙasa ita ce ta ƙarshe. Farkon Disamba yana da digiri 42 a baya, 45 a gaba, damƙa kilo 23.

Sai aka samu koma baya. Lokacin biki ya sake zagayowa, ga bashi a wuya, an ce masa ya koma aiki mara nauyi, awo da fenti da sanfefa, shi kuma ya wuni biyu yana buga kusa a jikin gado. Ya zo da hannu a kumbure yana zafi ta gefen babban yatsa, hankalinsa a tashe yana cewa sukurun ya kwance. Aka mayar da shi wajen likita aka ɗauki hoto, sukuru yana wajensa ƙashi bai motsa ba, jijiyoyin da ke jan yatsan ne suka kumbura dan an ɗora musu abun da suka kwana biyu ba su yi ba. Sati biyu a abun ɗaurewa, aka koma baya mataki ɗaya. Daga nan muka yi masa tsari a rubuce, guduma minti goma sha biyar a hutar, ana ƙarawa duk sati, aka kuma ba maigidan shagon kwafi, wanda gaskiya ya fi shi kiyayewa.

Azumin 2025 ya kama ranar 1 ga Maris. A lokacin yana shimfiɗa tafin a ƙasa ya tashi a kai, da ɗan jan jijiya amma ba zafi. Awo: baya 55, gaba 58, damƙa kilo 36. Ya koma cikakken aiki a watan.

## Agusta 2025: shekara ɗaya da aiki

Hoto ya nuna ƙashin ya haɗe, ba alamar gaɓar ta fara cinyewa. Baya digiri 58, gaba 60, damƙa kilo 40 a dama, 45 a hagu. Yana wuni yana aiki ba magani. In sanyi ya yi yawa ko ya wuni yana murɗa sukuru yana jin ɗan tsami da yamma. Gefen tabon ƙugun akwai ɗan wajen da ba ya jin taɓi sosai. Ƙwallo ya koma amma ya daina tsaron gida. Bai koma sigari ba. Bashin maigida saura kaɗan.

## Abun da na gani a lamarin

Ni a ganina asarar mafi girma an yi ta ne a sati biyun farko, kuma ba wani babban abu ne ya jawo ta ba. Hoton farko bai yi ƙarya ba, haka karayar take ɓuya. Abun da ya rasa shi ne a ɗaure hannun a kan zato, a kuma faɗa masa da baki cikin Hausar da zai gane cewa "ba mu gani ba" daban take da "babu", ka dawo ranar kaza ko ciwon ya ragu. Rubutu a takardar da mutum zai ninke ya sa a aljihu bai isa ba. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya a kan mutum 439, aka wallafa a 2020, ya nuna cewa karayar tsakiyar wannan ƙashin da ba ta goce sosai ba, siminti tun farko yana ba da sakamako kusan ɗaya da tiyata bayan shekara, sai wanda nasa ya ƙi haɗewa a yi masa aiki da wuri. Da a wannan layin yake.

Mai ɗori ba shi ya karya ƙashin ba, kuma ba zan ce shi kaɗai ya hana shi haɗewa ba. Amma ja da murɗa da kwancewa duk kwana uku kishiyar abun da wannan ƙashin yake so ne, shi so yake a bar shi cik ba motsi na watanni. Abun da ya fi cutarwa ma shi ne kalmar "ya warke", dan ita ta rufe maganar har wata uku. Ƙafar kawu da ta warke a hannunsa dogon ƙashi ne mai nama da jini ta ko'ina, wannan kuwa hannu ba ya iya lalubo karayarsa balle ya san ta haɗe.

Simintin Afrilu ko da ya kiyaye shi ɗari bisa ɗari da wuya ya yi aiki a kan giɓin milimita 3 mai wata biyar, dan haka ban ɗora laifin duka a kan zarton da ya sa ba. Wata biyu ne suka tafi, hannun ya ƙara sandarewa. Amfaninsa ɗaya, shi ya sa gida suka yarda, kuma ban san wata hanyar da za a bi a shawo kan Hajiya ba in ba hoto biyun nan ba.

Abun da ya yi aiki kuwa ba sukurun kaɗai ba ne, duk da shi mutane suke tambaya. An kankare mataccen bakin an kawo sabon ƙashi, an matse shi ya daina motsi, jini ya samu hanya da ya bar sigari, kuma ba a ɗora nauyi ba sai da CT ya nuna. An kuma yi sa'a ɓarin baya bai mutu ba duk da wata takwas, wannan ba dabarar kowa ba ce. Digiri goma sha biyun da ya rasa wajen lanƙwasa hannun baya ba na sa ran za su dawo duka, wata takwas a karye da siminti sau biyu suna barin tabonsu a gaɓa. Sukurun zai zauna a ciki, ba a cire shi sai in ya dame shi, likitan kuma ya ce ya dawo a sake hoto bayan shekara, ko kafin nan in tsamin yamman ya koma zafi.